Takardar Shaidar Ɗan Fari

A shekarar da aka kawo maganar musayar ɗalibai Wurno, Malam Maccido ya ba sittin baya, kuma shekara ashirin da huɗu ke nan yana da ɗa wanda bai taɓa kiran sunansa ba.

Wannan ba abin mamaki ba ne a wurin. Isa ɗan fari ne, kuma mutumin kirki ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya yi masa fara'a a gaban mutane. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga Kaltume, yayar Malam, wadda take zaune a sashen baya na gidan tun rasuwar mijinta. Ita ta raine shi, ita ta sha jinyar ƙyandarsa. In wani ya yi sallama a zaure ya ce ana kiran Isa, ita ce mai amsawa daga ciki, ko ta ce yana zuwa ko ta ce ba ya nan, kamar don wannan aikin aka ajiye ta. Malam kuwa in yana nemansa sai ya ce a kira masa wancan, kuma ba a taɓa kuskure aka kira wani ba.

A wurin karatu Isa ne yake zama can ƙarshe, kusa da takalma. In wani ɗalibi ya yi tuntuɓe Malam ya gyara masa a hankali, in Isa ne ya gyara masa da tsawa. Amma da hantsi, in zaure ya watse, Malam kan jawo littafin da yaron ya mayar, ya bi gefen shafuka yana karanta ƙananan bayanan da ya rubuta. Wani wurin da shi Malam ya yi shekaru yana kewaye shi, sai ya tarar yaron ya warware shi a layi biyu. Daɗi ya kama shi har ya ji kunyar kansa, ya rufe littafin ya yi gyaran murya, ko da yake babu kowa a zauren.

Turawa na da sauran 'yan shekaru a ƙasar lokacin. Ran nan, damina ta yi tsakiya, fadamar Rima ta cika da shinkafa, sai ga mota daga Sakkwato ta tsaya a ƙofar gidan, laka har gindin ƙofofinta. Baturen da ke kula da makarantun lardi ne, da tafintansa. Ya ce wata jami'ar Larabci da shari'a a ƙasar Sudan ta ji labarin littattafan hannu da ke jibge a gidajen malaman Wurno. Suna so su aiko malaminsu guda ya zauna gaban Malam shekara biyu, su kuma su karɓi ɗalibi guda daga zaurensa shekara biyu. In abin ya yi kyau a ci gaba, har a shigo da malaman Rabah da na Goronyo. Abin da ake nema wurin Malam kaɗan ne: ya rubuta shaida a kan manyan ɗalibansa, a aika wa waɗanda za su yi zaɓe.

Maganar ta kwanta wa Malam. Ka ba ni naka in ba ka nawa, ai wannan riƙo ne, abin da aka saba yi tsakanin 'yan uwa. Ya amsa tun tafinta bai rufe baki ba.

Manyan ɗalibansa biyu ne. Akwai Mode, ɗan wani manomin albasa na Goronyo, mai haƙuri da naci, wanda in ya kama karatu ba ya saki ko da zai yi wata a shafi ɗaya. Sai Isa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren ya san wa ke gaba, kuma Mode ya fi kowa sani, don Isa ne yake yi masa bita a gindin tsamiya.

Isa ba shi da hanyar yi wa ubansa magana irin wannan, saboda haka ya bi ta wurin gwaggonsa. Washegari Kaltume ta jira ɗalibai suka watse, ta leƙo zaure da mayafinta, ta zauna a bakin ƙofa.

"Maccido, ɗana ya aiko ni."

"To, Yaya."

"Yac ce in hwaɗa maka waɗanda za su karanta takardag ga ba mutanen Wurno na ba. Ba su san ka ba, ba su san shi ba. Abin da kar rubuta shi za su gani."

"Malamai na, Yaya. Malami ya san abin da uba ka nuhi in yay yi shiru."

"Ka sa sunanai."

"In zamna in yabi abin da nih haihwa, gaban baƙi? Mi za a ce da ni?"

"Kai dai mi za a ce ad damuwakka," in ji Kaltume. "Shekara ashirin da huɗu yaron ga bai roƙe ka ko allura ba. Yau ya roƙa."

Ta tashi ta shige, ta bar shi da tawada.

A yi masa adalci, ya gwada. Ya rubuta ta Mode shafi biyu cur, ya faɗi haƙurinsa da ladabinsa da littattafan da ya sauke, bai ƙara ba bai rage ba. Sannan ya jawo sabuwar takarda, ya fere alƙalami, ya tsoma. Ya ɗora shi inda harafin farko na sunan zai zauna, hannun ya ƙi. Ji ya yi kamar an ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwar Goronyo. Tawada ta taru a bakin alƙalami ta ɗiga, ta ɓata takardar. Ya ajiye ta gefe, ya koma ƙarshen shaidar Mode ya ƙara layi guda: "Akwai kuma wani a gidan nan, yana karatu gwargwadon hali. Allah Shi ne masani."

Da a Wurno aka karanta wannan layi, da kowane malami ya yi murmushi. Mutumin da ya cika shafi biyu a kan ɗan wani, ya zo kan na gida ya kasa ko kama suna, ai ya gama magana. Malam ya naɗe takardar da wannan a ransa, har yana ganin ya yi wa yaron gata. Ya manta takarda ba ta tafiya da mutanen garinsu.

Amsa ta zo bayan an yanke gero. Mode aka zaɓa. A kan layin ƙarshe ba a ce komai ba, don babu wanda ya ga mutum a ciki.

Mode ya zo yana hawaye ya ce shi ba zai tafi ba, wuri ba nasa ba ne. Isa ne ya ja shi gindin tsamiya ya lallashe shi, shi ya raka shi har mota. Bayan haka ya ci gaba da zama kusa da takalma, yana karatunsa yadda ya saba, bai canza fuska ba. Da ya yi fushi, da Malam ya fi samun sauƙi.

Da bazara ta kama, wata safiya Isa ya shigo zaure ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa.

"Malam, ina biɗar izni. Akwai ayarin alhazai da za su yi gabas ta ƙasa. Ina son in bi su."

Malam ya gane ba hajji ne gaba a ran yaron ba. Hanyar ta Sudan take bi. Ya so ya ce masa ya zauna, nan da shekara biyu za a sake zaɓe, wannan karon zai rubuta. Amma faɗin haka daidai yake da ya ce ya yi kuskure, ya kuma ce yana son yaron a kusa da shi, duk a gaban yaron.

"Allah Shi tsare hanya," ya ce.

"Amin, Malam."

Da ya fita, Malam ya ɗauko tsohuwar gafakarsa ta fata, wadda ya yi yawon karatu da ita yana saurayi, ya aika wa Kaltume ya ce ta ba ɗanta. Bai fito rakiya ba. Daga zaure ya ji ƙarar motar har ta ɓace a hanyar Sakkwato.

Wata biyu bayan haka malamin Sudan ya iso. Ustaz Ɗayyib sunansa, dogo, mai yawan dariya da shan shayi, wanda sauron fadama ya yi wa maraba tun ranar farko. Ɗakin da ke kusa da zaure aka share masa, ɗakin Isa. Musaya dai ta tabbata, sai dai ba yadda aka tsara ta ba: gidan ya ba da mutum biyu ya karɓi ɗaya.

Ustaz mutum ne mai son littafi da gaske. Da Larabci suke magana da Malam, kullum daga hantsi zuwa azahar. Ran nan yana bin wani littafin nahawu sai ya tsaya, ya kawo shafin kusa da ido, ya juya na gaba, ya sake juyawa.

"Malam, wannan ƙaramin rubutu na gefe ba hannunka ba ne. Na wane ne?"

"Na wani ne a gidan nan."

"Tsohon malami ne? Ya rasu?"

"Yaro ne. Ya yi gabas."

Ustaz ya ajiye littafin a cinyarsa. "Wani a gidan nan," ya maimaita. "Malam, ina cikin waɗanda suka karanta takardarka. Na tuna layin nan. Mun ɗauka wani rago ne kake jin nauyin iyayensa, shi ya sa ka ambace shi a fakaice. Mu uku muka karanta, duk haka muka fahimta. Mene ne sunansa?"

Malam ya dubi tabarma.

"Ɗanka ne?"

Liman ne ya yi wa baƙon bayanin al'adar da yamma, a ƙofar masallaci. Ustaz ya daɗe yana riƙe da kansa. Bai sake tayar da maganar ba, amma daga ranar duk inda ya ci karo da ƙaramin rubutun sai ya karanta shi a fili, a hankali, kamar yana yi wa kansa. Malam yana ji, yana jin daɗi, daɗin yana ci masa rai.

Sai da shekara ta kusa zagayowa wasiƙar Mode ta zo da labari. Isa ya iso. Wata goma sha ɗaya ya yi a hanya, yana tsayawa yana ƙodago yana ci gaba, ƙarshe ya yi tsinkar auduga a gonakin bakin kogi. Ya rame ƙwarai, in ji Mode, amma gafakar tana rataye a kafaɗarsa. Mode ya kai shi gaban malaman jami'a, sun yi masa tambayoyi har suka riƙa duban juna. Sun ce za su karɓe shi. Abu guda ya rage, wanda ƙa'idar musayar ta shimfiɗa: shaidar malamin da ya koyar da shi, da sunansa a rubuce.

Ustaz ya ce da zai yiwu da shi ya rubuta, amma ba shi ya koyar da yaron ba. Kaltume ta zo ta zauna a bakin ƙofar zaure, ta ƙi tashi.

Malam ya fere alƙalami. Ya tsoma a tawada, ya rubuta: "Wannan shaida ce a kan ɗana Isa." Da layin ya fita sai sauran ya ɓalle kamar ruwan da aka buɗe wa kwari a gonar albasa. Ya faɗi shekarar da yaron ya sauke Alƙur'ani, da littattafan da ya karanta ɗaya bayan ɗaya, da wuraren da ya warware waɗanda suka gagari malaminsa. Ya ce a shekara arba'in na koyarwa bai ga kamarsa ba. Shafi huɗu ya cika. Al'adarsa ce in ya gama rubutu ya karanta shi a fili don ya ji kuskure, amma wannan da ido kawai ya bi shi. Ustaz da kansa ya hau mota ya kai ta gidan waya a Sakkwato.

Bayan mako bakwai wata wasiƙar ta zo, gajeriya. Zazzaɓin da Isa ya kwaso a gonakin auduga ya kwantar da shi, Allah Ya yi masa rasuwa ranar wata Laraba, an yi masa sutura a can. Mode bai ambaci shaidar ba. Malam ya ƙirga kwanakin tafiyar wasiƙa a yatsu, ya sake ƙirgawa, ya ga ba ta isa ba.

Kaltume aka yi wa ta'aziyya, don ita ce uwa a idon gari. Malam ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa da busasshen ido, yana cewa haƙuri sai ma'abucinsa, kamar ɗan maƙwabci aka rasa. Mutane suka fita suna yaba dauriyarsa. Baƙin cikin da yake ciki bai da wanda zai faɗa wa, kuma ya san shi ya gina wannan katangar da hannunsa. Abin da ya fi cinsa shi ne yaron ya tafi da layi guda kawai daga ubansa, wai yana karatu gwargwadon hali.

Wa'adin shekara biyun ya cika. Ustaz Ɗayyib ya ɗaure littattafan da ya kwafa ya koma ƙasarsu, ya rungume Malam yana kuka a gaban jama'a, abin da ya ba mutanen Wurno kunya ƙwarai. Bature ya aiko a rubuta shaidar zagaye na biyu, Malam ya rubuta, kowa da sunansa da na ubansa. Idonsa ya fara yin hazo a shekarar.

Mode ya dawo ana cire albasa. Bai wuce Goronyo ba sai da ya fara sauka a Wurno. Ya shigo zaure bayan la'asar, ya yi ƙiba kaɗan, ga rawani irin na can, amma ya durƙusa inda ya saba. Daga cikin gida ana jin Kaltume tana surfe a hankali, irin na tsofaffi, bugu ɗaya a huta. Aka gaisa, aka yi addu'a. Sannan Mode ya sauke gafakar daga kafaɗarsa ya ajiye a gaban Malam, ya zaro takardar shaidar daga ciki.

"Ta iske shi, Malam."

Malam ya ɗago kai.

"Kwana biyu kahin rasuwatai taz zo. Malaman sunka karanta, sunka ce in kai mai shi gani. Ban sa cikin wasiƙa ba, don na ga ba maganar da za a rubuta ta ba."

"Ya karanta?"

"Idonai ba su iya ba lokacin. Ni nik karanta mai. Shahi huɗun duka, shina saurare. Da niƙ ƙare yac ce in koma layin hwarko. Nik koma. Yac ce in sake."

Malam ya karɓi takardar. Shafukan nan huɗu suna nan lafiya, sai saman na farko da ya yi baƙi ya yi laushi, inda yatsa ya yi ta bi.

"Yat tambaye ni ko da hannunka kar rubuta. Nic ce ai ka san hannun Malam. Yaɗ ɗora yatsa nan." Mode ya nuna saman shafin farko. "Sannan yac ce, Mode, kai ka iya kwaikwayon muryar Malam, tun muna yara kaka ba mu dariya da ita. Karanta man layin ga yadda Malam zai hwaɗe shi."

"Kak karanta?"

"Na buɗe baki, Malam, ban iya ba. Nic ce mai, wallahi ban taɓa jin yadda sunan ga ka hita bakin Malam ba, ban san yadda zan yi shi ba." Hawaye ya zubo wa Mode. "Yay yi murmushi yac ce, ni ma."

Surfen ya ci gaba a cikin gida. Malam ya riƙe takardar da hannu biyu, ya kawo ta kusa da idon da ba ya gani sosai, ko da yake ba ya bukatar gani. Mode ya sunkuyar da kai don kada ya kalli fuskar malaminsa.

"Isa," in ji Malam.

Sunan gajere ne, bai fi numfashi ɗaya ba. Ya fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, irin kiran da ake yi wa wanda ke bayan katanga.

"Ba shi nan," Kaltume ta amsa daga ciki, bakinta ya riga tunaninta.

Sannan ta gane muryar wa ta ji, taɓaryar ta tsaya.